Fentin Falo Ya Haɗa Ni da Amaryata: Duhu ko Haske?

Assalamu alaikum Anti. Saura mako bakwai a ɗaura mini aure. Na kama haya a Kano, ɗaki biyu da falo, sabon gini ne, mai gidan ya bar mini fenti in yi wanda nake so. Falon ƙafa 14 ne a 16, tagarsa ɗaya, ita ma katangar maƙwabci take kallo. Wutar unguwar ba ta zama, ɗan ƙaramin sola nake da shi mai batir ɗaya. Yarinyar da zan aura ta turo mini hotuna daga Instagram, tana son a yi wa bangon falon gaba ɗaya ruwan toka mai duhu, kusan gawayi. Ni kuma ruwan madara nake so. Ta ce ruwan madara ya tsufa kuma ba ya jure datti, na ce mata mai duhu zai jawo mana zafi. Kujerun da iyayenta suka saya ruwan ƙasa ne mai cizawa, labulen ma haka. Da gardama ta yi tsawo sai na ce mata ai kuɗina ne, tun ranar ba ta ɗaga wayata. Yayata ta ce kada in bari ta fara juya ni tun ba a shiga ba. Mai fenti yana jira. Wanne zan yi?

Wani ango daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Kafin mu taɓa maganar launi, ka janye wannan kalma ta “kuɗina ne”. Yau ɗin nan. In ba ta ɗaga waya ba, ka yi wanka ka je gidansu da yamma ka faɗa mata baki da baki cewa ba ka kyauta ba. Kuɗin fenti naka ne, ba musu, amma gado da kujeru da kafet da labule da duk abin da za a jera a gidan nan iyayenta ne suka yi gumi a kansu, kuma na tabbata kuɗinsu ya ninka na fentinka ba sau ɗaya ba. Babu wanda zai ce maka kada ka zauna a kujerar don ba kai ka saya ba. Bayan haka, kai da safe za ka fita kasuwa ko ofis, sai dare ya dawo da kai. Ita ce za ta wuni tsakanin bangon nan huɗu, ita za ta share, ita za ta goge, kuma in mata suka zo ganin ɗaki ita za a yaba ko a kushe. Mace da ta damu da yadda falonta zai kasance ba juya miji take yi ba. Yayarka don tana ƙaunarka ta faɗi abin da ta faɗa, ka gode mata, amma ka ajiye shawarar nan, kuma kada ka sake kai mata ƙarar amaryarka a kan abu irin wannan. Kai za ka manta, yayarka ba za ta manta ba.

To amma samun haƙƙin magana daban, dacewar zaɓi daban. Ra’ayina kai tsaye shi ne: ruwan gawayi a bango huɗu na wannan falon da ka kwatanta zai ba ta baƙin ciki kafin hunturu ya zagayo. Sai dai dalilin da ka ba ta ba shi ne dalilin ba, wataƙila ma shi ya sa ba ta saurare ka ba.

Zafin da ke damun ɗaki a watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, daga waje yake shigowa: kwanon rufi da rana ta wuni tana duka, bangon waje musamman na yamma, da taga in rana na faɗowa ta cikinta. Launi mai duhu yana shan zafi ne idan rana ta taɓa shi. Da a ce fentin waje kuke gardama a kai, ko launin kwanon rufi, da na tsaya a bayanka da ƙarfina. Bangon cikin falon da tagarsa ke kallon katangar maƙwabci kuwa rana ba ta isa gare shi, don haka bambancin zafi tsakanin gawayi da madara a nan ɗan kaɗan ne. Ka bar wannan hujjar, ba za ta kai ka ko’ina ba.

Hujjar gaskiya ita ce haske. Masu yin fenti suna auna kowane launi da wani ma’auni daga 0 zuwa 100, wanda ke nuna yawan hasken da bango ke mayarwa cikin ɗaki idan ya sauka a kansa. Wasu kamfanoni suna rubuta lambar a bayan katin launukansu. Farin fenti yana mayar da kashi 80 zuwa 90. Ruwan madara yana tsakanin 70 da 80. Ruwan toka mai haske yana wajen 60. Ruwan gawayi kuwa da ƙyar yake mayar da kashi 10 zuwa 15, sauran duk ya shanye. Kuma hasken da muke gani da shi a cikin ɗaki ba wanda ya fito daga taga ko ƙwan lantarki kai tsaye ba ne kaɗai. Yana dukan wannan bango ya koma wancan, ya hau silin ya sauko, har ya kai lungun da taga ba ta gani. A ɗaki mai launin haske wannan kai-komo yana daɗewa. A ɗaki mai duhu, da haske ya taɓa bango sau ɗaya ya kusa ƙarewa.

Yanzu ka dubi falonku. Taga ɗaya ce, hasken da ke shigowa ta cikinta ma wanda katangar maƙwabci ta rage ne. A kanta akwai ƙarfen kariya, akwai ragar sauro, sannan za a saka labule mai kauri ruwan ƙasa, wanda a gidan aure yawanci a sauke yake wuni. Ƙasa kuma kujeru ne masu cizawa da za su cinye rabin fili. In ka ƙara gawayi a bango, da ƙarfe sha biyun rana sai ta kunna ƙwai kafin ta ga zaren allura ko ta karanta Alƙur’ani. Ƙwai ɗaya ba zai isa ba, sai uku ko huɗu, su kuma daga batir ɗaya tilo za su ci, wanda kuke tanadinsa don fanka da dare. Ranar da hadari ya rufe a watan Agusta, sola bai cika ba, wuta ba ta zo ba, da fitilar waya za ta nemi abin da ya faɗi a ƙasa. Wannan ne abin da nake ji mata, ba zafi ba.

Hotunan da ta turo maka ba ƙarya ba ne, ɗakunan suna da kyau, ni ma ina sha’awarsu. Amma ka sake buɗe su ku duba tare. Ka ƙirga tagogin da ke ciki, za ka ga wasu daga ƙasa suke har silin, gilashi zalla. Ka ƙirga fitilu: na cikin silin, na jikin bango, na tsaye a gefen kujera, na ɓoye a bayan talabijin. Ka dubi launin kujeru da kafet, kusan kullum fari ne ko mai haske, don shi ne ke fito da kyan duhun. Gidaje ne da wuta ba ta yankewa, kuma mai ɗaukar hoton ya ƙara haske kafin ya ɗora. Abin da idonta ya so a hoton haɗuwar duhu da haske ne. In aka ɗora kujera ruwan ƙasa mai cizawa a jikin bangon gawayi, kujerar da iyayenta suka kashe wa kuɗi ɓacewa za ta yi, ba mai ganin aikin da ke jikinta. Wannan maganar ina jin za ta shige ta fiye da duk abin da ka faɗa mata a baya.

Batun datti kuwa, tana da gaskiya rabi, kuma ya kamata ka amsa mata rabin. Bango mai haske yana nuna shatin hannu, maiƙon kai a inda ake jingina, baƙi-baƙin da ke taruwa kusa da makunnin wuta, da zanen fensir in Allah ya kawo yara. Ga turaren wuta, wanda ba gidan amaryar da za a raba da shi: hayaƙinsa a hankali yana sa farin bango da silin su yi jaja-jaja, musamman saman inda ake ajiye kasko. Duk wannan gaskiya ne. Sauran rabin shi ne dattin garinmu ba baƙi ba ne, fari-fari ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara ta shigo da ita ta kowace kafa, ko an rufe taga. Ka tuna yadda baƙar mota ke kwana a wanke ta wayi gari fari fat a watan Janairu, alhali farar mota da ke kusa da ita ba a ganin komai. Bangon gawayi haka zai yi. In ta sa tsumma ta goge, fenti mai duhu marar sheƙi yana barin shatin gugar, wurin ya riƙa ƙyalli daban da sauran. In ƙafar kujera ta ɗan ƙwarzane shi wajen jere, farin shafen da ke ƙasa zai leƙo, a gan shi tun daga bakin ƙofa. In aka zo yin faci, da wuya sabon ya saje da tsohon. Kuma duk wani tudu da kwari da mai filasta ya bari, duhu mai ɗan sheƙi tona shi yake yi da zarar an kunna ƙwai.

Akwai sauro ma. Yana son lungu mai duhu ya laɓe da rana, kuma a bango mai haske ana ganinsa a kashe, a na gawayi sai dai a ji kukansa.

Sai kuɗi, tunda kai ka tayar da maganarsu. Falo ƙafa 14 a 16 mai tsayin ƙafa 10, in aka cire ƙofa da taga, bangonsa ya kai murabba’in mita 50 ko kusa da haka. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe wajen murabba’in mita 10 a shafi ɗaya. Ruwan madara a kan farin shafe, shafi biyu ya wadatar, wato wajen lita 10, rabin babban bokiti mai lita 20. Launi mai cizawa kan nemi shafi uku kafin ya daina nuna dabbare-dabbare. Wannan ba shi ne babban asarar ba. Babbar ita ce ranar da aka gaji da shi, ko ranar da za ku tashi mai gida ya ce a mayar masa da bangonsa yadda kowa zai iya shiga. Rufe gawayi da launi mai haske sai an fara da farin share fage sannan a bi da shafi biyu ko uku, a gidan da ya riga ya cika da kaya. Ɗora duhu a kan haske kuwa aikin wuni ɗaya ne. Saboda haka wanda bai tabbata ba, da haske ya kamata ya fara.

Kada ka ɗauka ina cewa ka yi nasara. Ruwan madara irin wanda ya karkata zuwa ɗorawa, wanda ake gani a kusan kowane gidan haya, ina gane dalilin da ya sa yarinya mai ido ba ta son shi a falonta na farko. Tana son in an shigo a san an zo gidan wadda ta yi tunani a kan ɗakinta, kuma wannan buri ne mai kyau da ya kamata ka taya ta cimma.

Ga abin da zan yi da ni ce. Silin fari tas, ba gardama a kan wannan, domin shi ne ke watsa hasken ƙwai. Bango uku a yi musu launi mai haske, amma ita za ta zaɓa, ba kai ba: ruwan toka mai haske wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa zai zauna da kujerunta lafiya, kuma ba wanda zai ce ya tsufa. Bango na huɗu a ba ta gawayinta cikakke, ba rage-rage. Wanne bango? Wanda za a kafa talabijin a jikinsa, domin baƙin gilashin yana sajewa da shi, kallo da dare ya fi daɗi a ido, kuma ba a jingina kujera a nan balle ta ɓace. A guji wanda ke fuskantar taga kai tsaye in da hali, domin shi ne ke karɓar ɗan hasken da ke shigowa ya raba wa sauran ɗakin, in aka baƙanta shi an toshe hanyar. In bangon mai ƙafa 14 ne, galan ɗaya mai lita 4 zai kusa isa shafi uku. Ranar da ta gaji da shi, galan ɗaya ko biyu ne za su sauya shi. Sannan ka roƙi alfarma a ƙara farin labule marar nauyi a bayan mai kaurin, yadda da rana za a ɗage mai kaurin haske ya shigo ba tare da na waje ya ga ciki ba.

In har zuciyarta na kan ɗaki mai duhu sosai, uwar ɗaki ta fi falo dacewa da shi. Wurin barci ne, ba a neman haske mai yawa, baƙi ba sa shiga, hannun yara bai cika kaiwa ba. Ko a can ɗin ma zan tsaya a bangon kan gado. Kicin da corridor ɗin shiga banɗaki kuwa haske kawai, domin wurin wuƙa da wuta da ruwa a ƙasa ne.

Haɗa biyun nan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu a gidajen ƙasa, masu ’yan ƙananan tagogi can sama, farar ƙasa suke shafa wa cikin ɗaki don ɗan hasken da ke shigowa ya yaɗu, makuba mai duhu kuma ta tafi daɓe da bangon da ke shan wahala. Makarantu da asibitoci har gobe suna yin mai duhu daga ƙasa zuwa ƙugu, mai haske daga nan zuwa sama. Ban ce ku yi wa falon amarya irin na asibiti ba, amma a zaure ko hanyar da yara za su riƙa bi suna shafa bango, dabarar tana aiki.

Duk wannan bayanin kada ka je ka karanta mata shi kamar hukunci. Gani ya kori ji. Ka sayi ƙaramin gwangwani na kowane launi da kuke tunani, uku sun isa: gawayinta, tokar mai haske, da madararka. Mai fenti ya shafa kowanne a bangon falon, faɗin ƙafa uku a uku, shafi biyu, a bari ya bushe, domin fentin ruwa yana sauya kama in ya bushe. Kada a yi hukunci da katin launi na shago ko da hoton waya, ɗan ƙaramin yanki ba ya nuna yadda launin zai fito a bango guda. Sai ka nemi izini a gidansu ta zo da ƙanwarta ko gwaggonta, a zo da matashin kujera ɗaya da ƙyallen labulen a kara a jiki. A duba da hantsi, a duba bayan la’asar, kowane lokaci a kashe ƙwai tukuna, a rataya zani a taga a madadin labule, a rufe ƙofa. In ta tsaya a tsakiyar falon a wannan hali, ba sai ka ce komai ba. Ka yi shiru ka bar ta ta gani, kuma ka shirya wa cewa wataƙila madararka ce za ta fi muni a cikin ukun.

A gwada da ƙwan da za a yi amfani da shi, domin yana sauya launi ƙwarai. Yawancin ƙwayayen da ke kasuwa farare ne masu ɗaukar ido, za ka ga an rubuta 6500K a kwalinsu. A ƙarƙashinsu ruwan toka yana komawa shuɗi-shuɗi, ɗaki ya yi sanyin kallo. Masu 3000K suna ba da haske mai ɗumi, suna sa toka da ruwan ƙasa su yi kyau, amma suna ƙara wa madara ɗorawa. Masu 4000K suna tsakiya. A falo mai kujeru ruwan ƙasa ni na fi son 3000K ko 4000K.

Game da irin fentin: tunda damuwarta datti ce, maganinta ba launi ba ne, nau’i ne. Ka nemi fentin ruwa mai ɗan sheƙi, wanda masu shago ke kira satin, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ba ya tashi. Ya fi marar sheƙi tsada, amma a bango ukun masu haske ya cancanci kuɗinsa. Mai arha da ake tsinkawa da ruwa har ya zama kamar kunu, wanda in ka jingina yake bin rigarka, shi ne ya ɓata wa launi mai haske suna. Ka saya da kanka, a rufe, kuma ka tsaya ka ga yawan ruwan da za a zuba. In za a haɗa launi a shago, a haɗa wanda zai isa gaba ɗaya a lokaci guda, a rage kaɗan a ajiye don faci.

Kada wani ya ba ka shawarar fentin mai a bangon ɗaki don wai ya fi wankuwa. Warinsa yana daɗewa, kuma an sha samun gubar dalma a fentin mai da ake sayarwa a ƙasashenmu, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan goro. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mu nan Arewa mun san abin da dalma ke yi wa yara tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, duk da cewa can daga haƙar zinare ta fito. Gidan da ake fatan jin kukan jariri a cikinsa, ko ƙofa da ƙarfen taga za a shafa, a nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma a ciki.

Tunda sabon gini ne, ka tambayi mai gidan yaushe aka gama filasta. Tana bukatar wajen mako huɗu ta bushe kafin fenti ya hau, fiye da haka in da damina ne. In aka yi gaggawa, farin gishiri yana tsatsowa daga siminti ya kumbura fentin, kuma a bangon gawayi ya fi muni nesa ba kusa ba. Ka sanar da shi maganar bango mai duhun tun yanzu, ku yi ta a gaban shaida ko a rubuce, kada ta zama rigima ranar tashi.

Mako bakwai ya ishe ku in ba ka ɓata wannan makon ba. Yau ban haƙuri, cikin kwana uku gwaji a bango, mako mai zuwa a fara aiki. A gama aƙalla mako biyu kafin ranar jere, a bar taga da ƙofa a buɗe wari ya fita, fentin ya yi ƙwari kafin ’yan jere su fara jan kujeru a jikinsa. Mai fenti kuma ka ce masa ya ƙara haƙurin kwana uku, launin da zai shafa daga bakin amarya zai ji shi.